Ni Na Sauya Allon

Wasunku sun rubuto suna cewa ina ba da labarin soyayya kamar mai karanta rahoton hatsarin mota. Na ji. Yau ma haka za ku same shi, don ban iya wata hanyar ba. Ku dai karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, zagin zai fi zama daidai.

Ga wanda bai san ni ba: shekara shida na yi a waje ina karatun tsara sufuri. Da na dawo aka ba ni kula da direbobi arba'in da biyu a ɗaya daga cikin tashoshin bas na gwamnati. Ni ke raba layi, ni ke karɓar makulli, ni ke rubuta wanda ya makara. Idan na juya baya sunana 'Yar Waje. Idan na juyo, "ranki ya daɗe."

Akwai mai nemana. Kafinta ne, kuma haka na ajiye lambarsa a waya, Kafinta. Wata takwas ke nan. Ba ya yawan magana, hannunsa kullum da ƙamshin katako, kuma bai taɓa tambayata me ya sa ba na dariya ba. Mama ta ba shi zuciyarta tun ranar da ya gyara ƙofar kabad ɗin falo da ta yi shekara uku tana lilo. Yayata tana kiransa Mai Katako.

Mahaifinsa direbana ne. Baba Agogo ake ce masa, domin shekara talatin da ɗaya yana jan Layi Bakwai kuma masu shaguna da wucewarsa suke buɗe ƙofa. A wurin aiki bai taɓa ambaton ɗansa ba. Yana gaishe ni kamar kowa, yana sa hannu a rajista kamar kowa. Abu ɗaya ne: idan na shiga ɗakin shayi, kujerar bakin taga a share take, kuma na san wanda ya share.

To, ga laifin.

Kowace shekara Likita yana zuwa daga hedkwata ya gwada idon direbobi. Allonmu yana rataye a ɗakin ajiya na baya, tsoho ne, rana ta cinye launinsa. Babu haruffa a jikinsa, wata alama ce mai yatsu uku, a kowane layi tana ƙara ƙanƙancewa tana juya fuska. Direba zai rufe ido ɗaya, ya nuna da hannu inda yatsun suka kalla.

Saura sati uku a yi gwajin, ina wucewa ta ƙofar ɗakin shayi na ji ana buga tebur ana waƙa. Dama, ƙasa, ƙasa, hagu, sama, dama. Aka maimaita. Mai jan baki shi ne Ƙaho, wani direba mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Kwana biyar kafin nan, a gaban kowa, ya tambaye ni ko a ƙasar da na yi karatu da biro ake tuƙa bas. An yi dariya har wani ya ƙware da shayi.

Na tsaya a bayan ƙofa na saurara. Ban kai minti ɗaya ba na gane. Allon suka haddace. Daga baya na ji cewa duk direban da furfura ta fara fito masa sai an zaunar da shi an koya masa, kamar yadda ake koya wa sabo inda ramukan hanya suke.

Na san abin da ya kamata in yi. In tura ƙofar, in ce na ji, in ce bana za a sauya allo, duk mai matsala ya same ni a gefe a nema masa tabarau. Sati uku ya isa. Na san haka a lokacin, ba sai yanzu ba.

Ban shiga ba. Na wuce ofis na rubuta wa Darakta cewa a aiko da sabon allo, kuma kada a sanar da kowa. Ya yaba mini a amsarsa, layi biyu. Na karanta su sau huɗu.

Zan iya ce muku saboda fasinjoji na yi. Akwai gaskiya a ciki, amma ita ce ta biyu. Ƙaho nake so in kama. Ina so in ga hannunsa ya nuna hagu alhali yatsun suna kallon sama, in ga inda muryar nan za ta shiga.

Ranar Talata aka yi gwajin. Na sa doguwar riga ruwan toka da rigar aiki mai ɗaukar ido a kai, na ɗaure mayafi tamau, na tsaya a bayan labulen da ke raba ɗakin ajiya biyu, da jerin sunaye a hannuna. Likita ya ce ba sai na tsaya ba. Na ce ƙa'ida ce. Ba ƙa'ida ba ce.

Ƙaho ya shigo na bakwai. Ya kalli bango, ya ce, "Au, an yi mana sabo." Ya rufe ido ɗaya ya karanta har layin ƙarshe, wanda ni kaina sai na matsa kusa. Idonsa garau. Ashe waƙar ce kawai ke masa daɗi. Ya fita yana fito.

Mutum biyar suka yi tuntuɓe a ƙananan layuka, Likita ya rubuta musu tabarau. Sai Baba Agogo.

Ya shigo da kakinsa a goge, hula a hannu. Ya gaishe da Likita, ya tsaya a kan layin da aka ja da alli, ya rufe idon hagu. Kafin Likita ya gama ɗaga sandarsa hannun Baba ya fara tafiya. Dama. Ƙasa. Ƙasa. Hagu. Sama. Da sauri, da tabbaci, kamar mai ba motoci hannu a mahaɗa.

Ko ɗaya bai dace ba. Har layin sama, wanda alamarsa ta kai tafin hannu.

Likita ya ce a sake, a hankali. Ya sake. Haka dai. Sai hannun ya tsaya a sama, ya sauko.

"Ba shi ba ne ko, Likita?"

"Ba shi ba ne, Baba."

Ya sa hularsa, ya yi godiya. Da zai fita ya taɓa katakon ƙofa kafin ya ɗaga ƙafa. Shekara guda ina ganin yana wannan taɓawar, na ɗauka ɗabi'a ce.

Doka ta ce mai kula da direbobi ita za ta karɓi makulli da katin aiki. Da na koma ofis na tarar da su a kan teburina, an jera su kusa da juna.

Ƙarfe biyar saƙon Kafinta ya shigo.

"Kin ji abin da aka yi wa Baba?"

Na rubuta amsa uku na goge. Wadda na tura ita ce, "Na ji. Allah ya kyauta."

"Ina zuwa."

Ya zo da ƙurar katako a gira, bai ko sauya riga ba. Ya zauna a bakin kujera, Mama ta kawo ruwa bai sha ba. Ya ce idon mahaifinsa lafiya lau, mutumin da bai taɓa goge ko madubin wata mota ba cikin shekara talatin. Ya ce an kawo allo mai ƙananan alamu an rataye a ɗaki mai duhu, don a kori tsofaffi a sa 'yan uwan manya. Ƙaho ne ya gaya masa, wai daga hedkwata aka shirya. Sai ya ɗago ya kalle ni ya roƙe ni in bincika masa ko wane ne, tunda ni takardu ke bi ta hannuna.

Na ce zan duba.

Mama ta amsa daga ƙofar kicin cewa ai dole in duba, wa ya fi ni a can.

Bayan ya tafi ta dawo kaina. Ran Asabar ɗin nan ne mahaifinsa zai zo ya gana da Babanmu, yanzu an ɗaga, ba a sa rana ba. Ta ce ina tsaye aka wulaƙanta surukina ina kallo, to me amfanin karatun. Ta lissafa mini maza uku da suka zo suka koma saboda fuskata kamar ƙofar da aka sa wa kwaɗo. Ta ce wannan ya zauna, ya jure, idan na bari ya suɓuce kada in zo mata da kuka. Na ce ba na kuka. Ta ce ai shi ne ciwon.

Na shiga ɗaki na fitar da duk kayan da ke cikin sif na fara ninkewa. Yaya tana kwance tana latsa waya. Ta kalle ni na ɗan lokaci.

"Ke ce ko?"

Na ci gaba da ninkewa.

"Tun kina ƙarama, ranar da kika yi ɓarna sai ki hau gyaran ɗaki. Wannan mayafin sau uku kina ninke shi."

Na zauna na gaya mata komai, har da Ƙaho. Ba ta yi mamaki ba, wannan ya fi komai yi mini zafi. Ta ce mutumin da ba ya gani bai kamata ya ja mota cike da mutane ba, wannan ko mahaukaci ya sani. Ta ce amma ni ban cire shi ba, tarko na ɗana, kuma ya kama wanda ba shi na nufa ba. Shawararta ita ce in rufe bakina. A yi auren tukuna. Bayan shekara biyar, da yaro a cinya, sai in faɗa a matsayin labari.

Na ce mata haka za a yi. Ban yi barcin kirki ba, amma ƙarfe shida ina tasha ina raba makullai.

Ran Alhamis da hantsi, kwandastan Layi Bakwai ya zo ofis yana sosa ƙeya. Ya ce Baba Agogo yana cikin mota, ya yanki tikiti kamar kowane fasinja, kuma ya ce idan ranki ya daɗe tana da sarari ta zo a yi zagaye ɗaya.

Na je. Yana kujerar farko, bayan direba, sanye da farar riga ta gida. Ban taɓa ganinsa ba kaki ba. Ya zama ƙarami. Ya matsa mini na zauna, motar ta tashi.

Ya lumshe ido. Ya ce yanzu za a hau tudun rage gudu, sai muka hau. Ya ce nan gaba kaɗan akwai ƙofar makaranta, yara daga hagu suke fitowa ba sa dubawa. Ya ce daga shagon mai walda a ƙirga takwas sai fitilar hanya. Ya taɓa kafaɗar sabon direban ya ce ya fara taka birki tun yanzu, mai lemon nan kullum tirensa yana kan kwalta. Direban ya taka. Mai lemo yana nan, tirensa a kan kwalta.

Haka muka yi tasha tara. Bai kuskure ko ɗaya ba. Ni kuwa a nan na gane da me yake jan mutum sittin kowace safiya.

Ya buɗe ido. Ya ce ya fi shekara yana ganin kamar hayaƙi a tsakiyar komai, gefe-gefe ne kawai ke fita. Watan jiya wata mata ta tsaya tana ɗaga hannu a tasha ya wuce ta, sai da kwandasta ya buga jikin mota. Kullum yana cewa gobe zai ajiye. Goben ba ta zo ba.

Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Tari kika yi sau ɗaya a bayan labulen nan, 'yata."

Na ce, "Baba..."

"Ban kira ki don ki ba ni haƙuri ba. Aikinki kika yi. Amma da kin same ni a gefe kin ce Baba kawo makullin, wallahi da na ba ki. Jira nake wani ya ce."

Na kalli bayan kujerar direba. Akwai wata 'yar igiya da aka ɗaure a ƙarfen, an yi mata ƙulli a daidai inda hannu zai kama wajen sauka. Ban tambaya ba.

Ya ce abu biyu yake so. Na farko, kada ɗansa ya san maganar idon. Tun rasuwar mahaifiyarsa yaron ya sa masa ido, ko tari ya yi sai an kai shi asibiti. Idan ya ji wannan zai rufe shago ya zauna gadinsa, shi kuma bai shirya zama kayan ɗaki ba. A bar shi ya yi ta zagin hedkwata, hedkwata ba ta jin ciwo. Na biyu, kada in ce ni ce.

"Yana son ki. Irin mahaifiyarsa ne, idan ya rufe ƙofa ba ya sake buɗewa. Ki bar shi a tsakaninmu."

Na ce to.

Ku lura, to na ce. Mutumin da na kunyata ya ba ni mafita, na karɓa da hannu biyu. Har wani sauƙi na ji. Na sauka a tasha ta goma na tari wata motar na koma ofis, na ci abincin rana, na cinye.

Sauƙin kwana ɗaya ya yi.

Ran Juma'a da la'asar ina zaune a bakin gado da kwamfuta a cinya, waya ta yi ƙara. Kafinta ne, ya turo takarda mai shafi biyu. Koke ne zuwa ga Darakta. A ƙasa akwai sa hannun direbobi talatin, Ƙaho ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Buƙatu biyu ne a ciki. A sake gwada idon Baba Agogo a filin tasha, da rana tsaka, a gaban dukkan direbobi da shugabannin ƙungiya, don kowa ya shaida cewa yana gani. Sannan a fito da sunan wanda ya sa aka sauya allo a ɓoye, a hukunta shi.

Saƙo ya biyo baya.

"Ki gyara mini shi, ke kika san yadda ake rubuta wa manya. Litinin za mu kai."

Wani saƙon ya sake shigowa.

"Ke kaɗai na yarda da ke a wurin nan."

Darakta zai amince da sake gwajin, na san shi, yana son duk abin da zai nuna yana da gaskiya. Za a ja layi da alli a filin tasha. Za a tsayar da Baba a gaban mutum arba'in, da masu wankin mota, da masu shayi, da ɗansa a sahun gaba yana murmushi. Wannan karon babu ko waƙar da zai riƙe.

Me na yi? Na gyara takardar. Hannuna ya saba. Na daidaita adireshi, na raba sakin layi, na cire zagin da Ƙaho ya cusa a tsakiya. Na mayar da ita takardar da babu Daraktan da zai iya ajiyewa a aljihun tebur. Minti ashirin ina wannan, kamar takardar wasu ce.

Yaya ta leƙo ta karanta ta kafaɗata. Ta ce in ce masa takardar ta ɓata, ko in ce Darakta ya yi tafiya, ko in ja shi da gobe-gobe har wutar ta mutu. Na ce Ƙaho yana da kwafi. Ta ce to in kira Baba ya hana ɗansa. Na ce da me zai hana shi, alhali Baban ne da kansa ya bar ɗan ya yarda an zalunce shi. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gado.

"To kin yi wa tsoho alkawari dai."

Na sani. Alkawari biyu, kuma ba zan iya riƙe ko ɗaya ba sai na bar shi ya sake tsayawa a kan layin alli.

Na koma kan buƙata ta farko na goge ta gaba ɗaya. Na sauko ta biyu, inda aka rubuta "wani jami'i da ba a san ko wane ne ba." Na goge wannan ma. Na rubuta sunana cikakke, har da na mahaifina, da lambar aikina, da ranar da na aika wa Darakta wasiƙar. A ƙasa na ƙara layi biyu, ba na Darakta ba, nasa.

"Ni ce. Kada ka nemi a sake gwajin. Dalilin ba nawa ba ne da zan faɗa, ka tambayi Baba."

Yaya ta ce wannan layin na ƙarshe ai faɗa ne. Na ce na sani. Na tura.

Alamar ta nuna ya buɗe. Ban ga yana rubutu ba. Bai kira ba. Na ajiye wayar a kan gado, fuskarta sama, muka zauna muna kallonta. Minti goma. Rabin awa. Awa ɗaya. Mama tana can tana wanke-wanke tana 'yar waƙarta, ba ta san komai ba.

Rana ta kusa faɗuwa sai na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na san ƙarar, tsohuwar motar da yake ɗaukar katako ce. Mama ta shigo da gudu tana goge hannu da zane, fuskarta cike da fara'a. Ta ce in tashi maza in sauya wannan rigar, in shafa wani abu a fuska, ga Mai Katako nan har da mahaifinsa, ashe ba a fasa ba.

Na je taga na ɗaga labule kaɗan.

Kafinta ya zagayo ya buɗe ƙofar gefen Baba. Baba ya sauko da ƙafa ɗaya yana laluben ƙasa. Ɗan ya miƙa hannu ya kama gwiwar hannunsa. Baba ya fizge. Ɗan ya sake kamawa, wannan karon bai saki ba, kuma Baba bai sake fizgewa ba.

A ɗaya hannun Kafinta akwai takardar, ya buga ta, ya naɗe. Ya ɗaga kai ya kalli tagata kai tsaye. Idonsa ja.

Mama ta ce, "Wace rigar za ki sa?"

Na ce wannan ɗin ta isa. Na fita in buɗe musu ƙofa da kaina.